Na gwada harsashin Barnes TTSX a farautar Limpopo, ga yadda muka kwashe

Salam 'yan uwa. Tun da na dawo Jidda mutane ke ta tambayata a majalisarmu ta bayan isha'i wai wane harsashi na yi aiki da shi a tafiyar nan, har na gaji da maimaitawa, shi ne nace bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta ya huta. Ni ba dila ba ne kuma ba wanda ya biya ni ko halala ɗaya, kayan gyaran mota nake sayarwa, farauta kuma gadonta na yi, kakana maharbi ne da bindigar toka a ƙauyenmu, shi da kansa yake ɗura albarushi ya danna da sanda.

Wannan ce tafiyata ta biyu Afirka ta Kudu, lardin Limpopo, kuma sai na fara da ta farko kafin ku gane dalilin da ya sa na ɗauki maganar harsashi da zafi haka. A ta farkon ban tambayi komai ba, bindigar haya aka miƙo min a sansani mai cin harsashi lamba .30-06 da wani kwalin harsashi mai araha wanda ba zan kama sunan kamfanin ba, na harba biyu a takarda suka faɗa kusa da tsakiya nace khalas. Impala biyu, wata irin barewa ce ta can, suka faɗi lafiya lau. Rana ta huɗu muka samu wildebeest, wannan baƙin mai gemu da maharban can ke kira ɓaunar talaka saboda taurin ransa, tazarar ba ta fi mita 90 ba, na ɗora a sanda na saita kafaɗa nayi bismillah na ja kunama. Naji ƙarar shigar harsashi da kunnena, ya durƙusa ya miƙe ya bi garke. Wallahi tun hantsi muke bin sawu har rana ta faɗi, jini ɗigo nan ɗigo can sai ka yi taku ashirin kafin mai bin sawu ya nuna maka wani a jikin ciyawa. Washegari angulu ce ta nuna mana inda yake, kuraye sun riga mu. Da muka duba abin da ya rage na kafaɗar, harsashin fashewa yayi a kan ƙashi bai kai huhu ba. Kuma dokar sansanonin can ita ce in dai ka fitar da jini to ka saya, ko an samu dabba ko ba a samu ba. Na biya kuɗin dabba cif, ba nama ba fata, ga kuma nauyin na wahalar da ran Allah dare guda a banza. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna.

To da zan koma sai na zauna nayi karatun ta-natsu. Abu na farko da ya kamata mu mazauna nan mu sani, mai iƙama irina, wato baƙo mai takardar zama, ba ya shiga shago a Saudiyya ya sayi harsashin raifil, wannan sai ɗan ƙasa mai lasisi. Akwai wani yayanmu haifaffen Makka mai takardar ƙasa, shi yana zuwa baje kolin shaho da kayan farauta da ake yi a Malham arewa da Riyad, nace Yaya ko za ka sayo min kwali uku in tafi da su? Yayi dariya yace kai ƙanena so kake a ɗaure mu mu biyu. Gaskiyarsa ne. Ko ta ɓangaren Afirka ta Kudu ma ba a shiga da harsashi shi kaɗai, sai tare da bindigar da ta dace da shi, ka cike fom ɗin 'yan sanda SAPS 520 a ba ka izinin wucin gadi, kuma kar ka wuce guda 200 a kowace bindiga. Jirage kuma kilo 5 suka yarda wa fasinja ɗaya, a cikin kwalinsa na asali cikin kayan da ake aunawa. Duk wannan na masu tafiya da bindigarsu ne. Mu 'yan haya hanya ɗaya ce, ka yi magana da jagoran farautar, wanda suke cewa PH, tun da sauran wata biyu ko uku, ka tura masa kuɗi shi ya saya da lasisinsa ya ajiye maka. Kar ka bari sai saura sati, irin waɗannan masu tsadar ba kullum ake samunsu a shagunan ƙananan garuruwa ba, nawa ma daga Pretoria aka kawo.

Iri uku na sa ya sayo, kwali ɗai-ɗai: Federal Premium mai kan Nosler Partition giren 180, Norma Oryx giren 180, sai Barnes VOR-TX mai kan TTSX giren 168. Giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne, 180 ya kama kusan giram 11.7. Ga wanda bai sani ba, duk rigimar a kan abu ɗaya take, yadda kan zai buɗe ya yi faɗi in ya shiga nama amma kar ya wargaje in ya gamu da ƙashi. Partition shi ne dattijon cikinsu, tun 1948 John Nosler ya fito da shi, akwai katanga a tsakiyarsa, dalmar gaba ta buɗe ta baya ta ci gaba da tura shi ciki. Oryx na mutanen Suwidin ne, an manne dalmar da rigar jan ƙarfen ta yadda ba sa rabuwa. Shi kuwa TTSX babu dalma a cikinsa sam, jan ƙarfe ne zalla da ɗan shuɗin roba a baki, in ya shiga sai ya tsage gida huɗu kamar fure.

A zuciyata Oryx na tafi da niyyar amfani da shi, saboda sunan ma ya burge ni, sunan maha ne, farar barewar nan tamu ta hamada da aka hana taɓawa. Amma PH ɗin, wani dattijon Bature mai jan wuya wanda baya son dogon surutu, yace min ba kai za ka zaɓa ba bindiga ce za ta zaɓa. Da safe cikin sanyin Yuli, don lokacin da muke ƙonewa a Jidda su hunturu suke, yatsuna har ba na jin su, muka je filin gwaji mita 100. Uku-uku na harba daga kowane kwali, muna jira bututun ya huce tsakani. Partition da Oryx duk sun yi kyau, tafin hannun yaro zai rufe ramukan. Barnes kuwa ramuka ukun kusan haɗewa suka yi, na ɗora riyal ɗaya na ƙarfe da ya saura a aljihuna ya rufe su duka. Wani abin lura kuma, kowane iri wurin da yake faɗawa daban, Barnes ɗin ya hau sama da ɗan yatsa biyu ya karkata dama, sai da muka murɗa madubin muka sake saiti. Don haka duk wanda yace maka .30-06 ai .30-06 ne ka zuba kowanne ka harba, bai taɓa gwadawa a takarda ba. Kuma wannan ba yana nufin Barnes ya fi sauran biyun ba ne, waccan bindigar ce ta so shi, taka tana iya ƙin sa.

Dabba biyar na ɗauka da shi cikin kwana bakwai. Impala ba abin faɗa, shiga ta nan fita ta can, ya ruga kamar mita 30 ya faɗi. Kudu, wani irin babban gwanki mai murɗaɗɗen ƙaho, shi ma haka. Inda na zuba ido shi ne wildebeest, don ni da shi akwai tsohon bashi. Kusan irin tsayuwar wancan yayi, ya ɗan fuskanto mu, PH ya raɗa min in bi ƙafar gaba in hau sulusin jiki, don dabbobin can zuciyarsu da huhu suna gaba sosai tsakanin kafaɗu, in ka harbi bayan kafaɗa da nisa tumbi ka samu. Nayi bismillah na sake. Ya karya kafaɗar kusa ya ratsa ya fita ta haƙarƙarin ɗaya gefen, ya yi gudun da bai kai mita 50 ba, jini kuwa kamar an tsiyaya da buta, ko ni da ban iya bin sawu ba zan kai kaina. Muka same shi da sauran rai na sa wuƙa na yanka.

A nan ne nake ganin kuɗina ya fita, kuma abin da Turawan da ke rubutu kan harsashi ba sa kawowa kenan don ba damuwarsu ba ce. Mu naman za mu ci. Abin da malamanmu suka karantar da mu shi ne ka ambaci sunan Allah lokacin harbi, makamin ya huda ya zubar da jini, kamar yadda ya zo a hadisin Adiyyu ɗan Hatim cewa abin da ya huda a ci, wanda aka buge da faɗin makami kar a ci, in kuma ka riski dabbar da rai to sai ka yanka. Harsashin da ke shiga ya fita yana barin rami biyu, jini ya zuba a ƙasa, ka isa wurin dabbarka cikin minti biyu uku da wuƙarka a hannu, ba sai gobe ka tsince ta kana waswasi ko harbinka ne ya kashe ta ko wani abu ba. Tun kafin in biya kuɗin ajiya na gaya wa masu sansanin cewa ni zan yanka abina da kaina kuma a ware min tukunya, gadu kuma ko kyauta ba na so, suka ce ba matsala sun saba da baƙi daga ƙasashen Larabawa.

Sai maganar dalma. Na tsaya a rumfar fiɗa ina kallo, wurin da harsashin ya bi tsaf yake, ɓarnar nama kaɗan ce, ba irin baƙin jinin nan da ɓurɓushin dalma da ake yanke kusan rabin kafaɗa a zubar ba. Daren nan na karɓi kicin na yi musu balangun impala da yajin ƙuli da na taho da shi daga wajen wata hajiya a Sharar Mansur, dattijon nan da baya magana sai da ya ƙara sau biyu yana share hawaye.

Kan harsashi ɗaya kawai muka samu, a jikin jakin dawa, wanda na harba yana fuskantarmu sosai ya bi tsawon jiki ya tsaya ƙarƙashin fatar cinya. Mai fiɗa ya ciro ya wanke ya miƙo min. Kunnuwa huɗun nan sun lanƙwashe baya, gefensu da kaifi har ya ɗan yanke ni a yatsa, gindin kuwa lafiyayye kamar ba a harba ba. Muka ɗora a ɗan sikelin da PH ke auna albarushi, abin da ya ragu daga 168 bai taka kara ya karya ba, kusan robar bakin ce kawai ta tafi.

Yanzu abin da za ka yi haƙuri da shi. Tsada dai akwai ta, kwali mai guda 20 ya kusa ninka na gama-gari sau biyu, amma in ka tuna kuɗin jirgi ta Addis Ababa zuwa Johannesburg da kuɗin kwana da kuɗin kudu ɗaya, rowar harsashi ta zama an sayi doki an kasa sayen linzami. Na biyu, duk harsashin jan ƙarfe zalla gudu yake so kafin ya buɗe da kyau, shi ya sa masana ke cewa ka ɗan sauko a nauyi, 168 ko 150 maimakon 180, kuma kar ka ce za ka yi harbin nesa can inda ƙarfinsa ya ragu. A kurmin Limpopo wannan ba matsala ba ce, mafi nisan harbina bai kai mita 150 ba, wanda zai je fili irin na Namibiya ya yi lissafinsa daban. Na uku, tunda ratsawa yake ya wuce, dole ka duba bayan dabbarka, in akwai wata tsaye a baya za ka biya kuɗin biyu. Sau ɗaya PH ya dafa min kafaɗa ya hana ni harbin wani kudu mai ƙaho masha Allah saboda mace na bayansa, muna kallo ya shige duhuwa, ranar ko abincin dare ban ji daɗinsa ba. Kuma kar ka sa ran dabba za ta faɗi nan take kamar a fim, yawanci sai ta ɗan ruga.

Masu tambayar ɓauna, wannan wani babi ne, .30-06 ba ta shiga nan, ƙasashe da yawa .375 ne mafi ƙarancin abin da suka yarda da shi ga dabbobi masu haɗari, kuma .375 H&H ɗin nan tun 1912 ake aiki da ita da kai giren 300. Ni ban harbi ɓauna ba tukuna don haka ba zan yi muku ƙarya ba, PH ɗin dai yace in na shirya zai sa min harsasan Swift A-Frame da TSX, ɗan'uwan TTSX marar roba a baki, a takarda mu ga wanda bindigarsa za ta so.

Shawara ɗaya da zan ba duk mai shirin tafiya, kwali biyu za ka sa a saya na irin da bindiga ta zaɓa, ɗaya na takarda ɗaya na daji, kuma ranar dawowa ka zazzage jakarka da aljihunan rigar sanyi kaf. Ni a ɗakin sansani na tsinci kwanson harsashi guda a aljihun wando, da ya biyo ni har filin jirgin Jidda ban san bayanin da zan yi ba da iƙamata a hannu. Har kan nan mai kunnuwa huɗu da naso in ajiye a shago in riƙa nuna wa mutane, hotonsa kawai na ɗauka na bar shi can. Sauran harsasaina guda tara suna cikin sef ɗin dattijon, ya rubuta Jeddah a jikin kwalin da jan biro.