Na tarar da malamar 'yata tana aikin kanti da daddare

Assalamu alaikum mutanen gida. Shekarata biyar ke nan a Tulsa, jihar Oklahoma a Amurka, kuma duk wanda ya kira ni daga Kaduna, da zarar an taɓo maganar yara sai ya ce, "Ai ku kun huta, makaranta kyauta ce ko?" Na daɗe ina cewa alhamdulillahi in wuce. Yau dai zan ba da doguwar amsa, saboda abin da na gani a daren wata Alhamis ya ƙi fita daga raina.

Na taso daga aiki wajen ƙarfe goma na dare, na biya wani babban kanti in sayi madara da burodin kari. Na zube kayan a gaban mai karɓar kuɗi, ko kai ban ɗaga ba don gajiya, sai na ji an ambaci sunan 'yata Hauwa. Ina dubawa sai ga malamarsu ta aji uku, wadda na miƙa wa yarinyar da hannuna da safen ranar, sanye da rigar ma'aikatan kanti, tana saka min kaya a leda. Wallahi kunya ta rufe ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Mahaifina malamin firamare ne, ya fi shekara talatin yana riƙe da alli a Tudun Wada, kuma a gidanmu ko jakar malami ba ka bari ya ɗauka da kansa. Na kai hannu zan karɓi ledar in ƙarasa zubawa, ta yi murmushi ta ce in bari, aikinta ne. Ta ce dare uku take yi a nan kowane mako. Sannan ta ƙara da cewa Hauwa ta yi karatu mai kyau yau, in tambaye ta labarin da suka karanta. Na zauna cikin mota na fi minti goma ban tayar ba.

Daga ranar na fara lura da abin da na yi shekaru ina wucewa ta gabansa. Littattafan labarai da ke jere a kusurwar ajin, da alƙaluman rubutu a farin allo, da biskit ɗin da take ajiyewa a durowa don yaron da ya zo bai karya ba, yawancinsu daga aljihunta suka fito. Abin ya zama ruwan dare har hukumar haraji ta ƙasa ta san da shi: a 2024 malami na iya cire har dala 300 daga kuɗin da za a caje shi haraji a kai, a matsayin abin da ya kashe wa ajinsa. Mu ma iyaye ba mu tsira ba. Kowane watan Agusta ana ba mu doguwar takardar kayan da za mu sayo, har da takardar goge hanci da sabulun wanke hannu na aji gaba ɗaya. Sai kuma abin da ya fi ba ni haushi, a turo yaro gida da kwalin alewa ko takardar neman gudummawa ya bi maƙwabta yana talla don makaranta ta samu kuɗin fita yawon buɗe ido. Ni da na baro Kaduna ina murnar 'yata ba za ta san talla ba!

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ni'imar tana nan. Motar makaranta mai ruwan ɗorawa tana tsayawa a bakin layinmu kullum, ba ta taɓa neman ko sisi ba. Ana ba yara abincin rana, mai ƙaramin ƙarfi kuma kyauta ko da rangwame. Akwai ɗakin karatu, akwai bayi mai ruwa, kuma lokacin da muka zo an ba Hauwa malama ta musamman da ta zauna da ita har bakinta ya kama Turanci. Ranar farko da na shiga ajin na ga kowane yaro da kujerarsa da sunansa manne a jiki, ƙwalla ta cika min ido, don na tuna 'ya'yan yayana a kan siminti.

To amma kuɗin nan ba daga sama yake faɗowa ba. Gwamnatin tarayya abin da take sakawa kaɗan ne, kusan kashi ɗaya cikin goma. Sauran daga jiha ne da harajin gidaje da filaye na yankin da makarantar take, shi ya sa unguwar masu hali makarantarta ke sheƙi, ta talakawa kuma tana ɗinkin ɓaraka. Oklahoma jihar mai ce da iskar gas, don haka labarin ba baƙo ba ne a kunnen ɗan Najeriya. An yi ta rage haraji lokacin da kasuwa ke kyau, da farashin mai ya faɗi a 2014 sai aljihun jiha ya bushe, aka juya kan makarantu. Gundumomi da dama suka koma karatun kwana huɗu a mako don rage kuɗin wuta da man mota. Malamai suka riƙa tsallakawa Texas inda albashi ya fi tsoka, har wanda ya lashe kambun gwarzon malamin jihar na 2016 ya tattara ya bi su. Ƙara haraji kuma abu ne mai wuya, domin tun 1992 dokar jihar ta ce sai kashi uku cikin huɗu na 'yan majalisa sun yarda, ko a kai maganar gaban masu zaɓe. Sai da malamai suka yi barazanar ajiye aiki sannan a 2018 majalisa ta ƙara harajin taba da man fetur da na haƙar mai, aka yi wa malamai ƙarin kimanin dala 6,000 a shekara. Duk da haka ranar 2 ga Afrilu suka fita, suka cika harabar majalisa a birnin Oklahoma kusan mako biyu, suna cewa albashi kaɗai bai isa ba, ina kuɗin littattafai da gyaran aji? Malamar Hauwa tana cikinsu. Bayan duk wannan gwagwarmaya, ga ta nan tana aikin dare.

Da tallafin korona da tarayya ta ba makarantu ya ƙare a 2024, aka aiko mana da wasiƙa cewa za a rage ma'aikata, ciki har da irin malamar da ta koya wa Hauwa Turanci. Aka kira taron hukumar makarantu da yamma. Da a da ne ba zan je ba, amma hoton ledar nan yana idona, na nemi musanyar aiki na tafi. Zauren ya cika har ana tsaye. An raba wa kowa takardar kasafi, layi bayan layi, nawa ne albashi, nawa ne man motoci, nawa ne wuta. Kowa ana ba shi minti uku. Wani tsoho da jikokinsa ma ba a garin suke ba ya miƙe ya ce harajin gidansa ne ake magana a kai, yana so a nuna masa layin da aka rage a ofishin shugabanni kafin a taɓa aji. Wata likita ta yi magana, wani mai gyaran famfo ya yi, 'ya'yansu aji ɗaya. Shugaban yana zaune yana rubutawa, ba ɗan sanda, ba mai cewa a yi wa oga ladabi.

A nan ne takaicin gida ya taso min. Ku gaya min tsakani da Allah, a cikin masu karanta wannan rubutu, mutum nawa ne ɗansa ke makarantar LEA? Duk wanda ya samu ɗan abin hannu, har da malaman kansu, sai ya kwashe nasa ya kai firamare mai zaman kanta, ko da shago biyu ne aka fasa aka haɗa. Muka bar makarantar gwamnati ga marayu da 'ya'yan mai tura baro, waɗanda ba a jin muryarsu. Shi ya sa lokacin da aka mayar da makarantun gwamnatin Kaduna kwana huɗu a farkon 2022, aka ɗan yi gunaguni a Facebook aka watse, domin namu yaran suna zuwa ranar Juma'a. A 2017 da aka ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawa aka sallame su, mun yi watanni muna musu, wannan na bayan gwamna, wancan na bayan ƙungiyar malamai. Mutum nawa ne ya koma ajin bayan shekara ɗaya ya ƙirga yara nawa ke gaban malami guda?

Duk ƙarshen shekara a sanar cewa ilimi ya samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin jiha, mu tafa, mu yaɗa hoton a WhatsApp. Amma abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 kuɗin da ya gina aji uku a da, ɗaya ma da ƙyar. Ragi ke nan ba tare da an aiko wa kowa wasiƙa ba. Kuɗin UBEC ma, wato hukumar tarayya mai tallafa wa ilimin matakin farko, tun dokar 2004, sai jiha ta ajiye nata rabin kafin ta karɓi na tarayya. Wa ke bibiya? Mun iya tara gudummawar biki da ankon suna cikin kwana biyu, amma a kira taron iyayen yara sai a ga mata biyar da mai gadi.

Ni ma nan ba aljanna nake ba. Ranar da Hauwa ta dawo tana ba ni labarin yadda aka koya musu kashe fitila su ɓuya a lungu idan ɗan bindiga ya shigo, sai na tuna Kuriga, inda 'yan bindiga suka sace ɗalibai a makaranta, barci ya gagare ni. Ina kewar ƙarar ƙararrawar tashi, da masu awara da rake a bakin ƙofar makaranta, da yadda Baba ke dawowa da farar ƙurar alli a hannun riga mutane na gaishe shi tun daga bakin titi har gida.

A daren taron na kira yayana da ke Rigasa. Na ce, "Yaya, don Allah yaushe rabonka da zuwa taron kwamitin makarantar su Abba?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ke dai Allah Ya kyauta, wa zai saurare mu?" Na ce ya je ko don ya ƙirgo min yaran ajin, ya kuma tambayi hedimasta abin da ya shigo masa bana. Ranar Litinin ya turo min saƙon murya. Ya ce ya je, ya ƙirga har ya wuce ɗari ya daina, kuma hedimastan ya ba shi kujerarsa ya zauna, ya ce tunda aka kawo shi makarantar, shi ne uba na farko da ya taɓa yi masa wannan tambaya.