Ruwa ya kwanta a danjar motarka? Ga abin da ya cancanci kuɗinka

Da zarar malkar watan Agusta ta kankama, za ka ga motoci da ruwa kwance a cikin danja, wato jar fitilar baya, yana kaɗawa duk lokacin da aka rufe but. Yawancin masu su abu biyu ake ba su shawara: ko su shafa silikon, ko su sayi sabuwar fitila. Na bi duka hanyoyin biyu a kan Corolla ta, kuma duka sun ci mini kuɗi kafin na gane inda matsalar take.

Da farko ka rarrabe gumi da yoyo. Danja ba a rufe take ruf ba, tana da ɗan ramin shan iska a baya, wani lokaci da guntun bututun roba a lanƙwashe. Ƙwan fitila yana ɗumama iskar ciki, ta fita, idan ya huce ta dawo da laima. Don haka ɗan hazo da safe wanda ke bajewa idan rana ta ɗaga ba ciwo ba ne, kada ka sayi komai saboda shi. Amma ɗigo manya-manya, ko ruwa a kwance da layin datti a jikin gilashin, wannan yoyo ne. Ƙofofinsa uku ne: fakin soso da ke tsakanin fitila da jikin mota, zoben roba na soket ɗin ƙwai, da tsaga a gilashin ko a wajen haɗinsa da baƙar robar baya. A abin da na gani, fakin ne ya fi yawan laifi. Ɗaga kafet ɗin but ka taɓa ramin safaya. Idan da danshi ko tsatsa, kusan ka gama bincike.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ba kowa shawara: sabon fakin, idan kuma babu na motarka, igiyar butil. Baƙar roba ce mai danƙo kamar cingam, ana sayar da ita a naɗe da takarda a tsakani, ita ce irin wadda ke riƙe da ledar da ke cikin ƙofar mota idan aka cire murfin ƙofar. Abin da ya sa nake sonta shi ne ba ta bushewa. Mota tana jijjiga a kan rami, ƙarfe yana buɗewa da zafin rana yana tsukewa da sanyin dare, ita kuwa tana bin su duk inda suka nufa. Ba ta fitar da wani tururi mai cin waya. Kuma ranar da kake son cire fitilar, za ta saki ba tare da ka fasa komai ba. Ana ganinta a shagunan masu gilashin mota da masu gyaran fitilun gaba, a kasuwannin kayan gyara irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna.

Aikin bai kai a kira bakanike ba. Noti biyu zuwa huɗu ne ta cikin but, a motocin Japan galibi sifana mai lamba 10 ke kwance su. Cire ƙwayayen, juye ruwan, ka kifa fitilar a inuwa mai iska ta yini guda, ko ka hura mata injin busar da gashi daga nesa. Kada ka matsa mata zafi, gilashin ba na ƙwarai ba ne, roba ce, tana lanƙwashewa. Tsohon fakin za ka tarar ya lotse ya zama kamar takarda, yana marmashewa a yatsa. Kankare shi tas, ka wanke wurin da sabulu, ban da fetur da tina domin suna sa jan gilashin ya yi ƙananan tsage-tsage. Sai ka shimfiɗa butil zagaye ɗaya ba yankewa, mahaɗar ta faɗo a ƙasa, ka mayar da fitila ka ɗaure noti da sauƙi. Wanda ya ɗaure da ƙarfi shi ke tsinke ƙusar daga jikin roba. Aibin butil ɗaya: tana laushi da zafin bazara tana kama yatsa, don haka a yi aikin da safe.

Silikon shi ya ƙona ni. Wani mai gyara ya zagaye mini fitilar da shi, har ramin shan iska ya toshe. Laimar da ke ciki ta rasa mafita. Daɗin daɗawa irin mai warin tsami ne, wanda ke fitar da asid yayin bushewa. Kafin damina ta fita soket ya yi kore, na taka birki sigina na kamawa, wata rana da dare a hanyar Zariya direban tirela ya yi ta danna mini ham, ashe danjar hagu ta mutu gaba ɗaya. Idan dole sai silikon, a nemi marar warin tsami, kuma a kan tsagar haɗi kawai, siriri, daga waje. Sufa gulu kuwa yana barin farin tabo a gilashi ya kuma ɓalle a karon farko. Huda rami a ƙasan fitila yana zubar da ruwa, amma da hunturu ƙura za ta cika ta. Ƙullin ƙwayoyin tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi, idan aka sa su cikin fitila, sati kaɗan suke yi su ƙoshi.

Idan gilashin ya fashe sosai, ko fitilar LED ce da ruwa ya ci allonta, to sai canji, kuma nan ne ake cutar mutane. Ni na fi son 'yar Beljiyam ta asali, wato wadda aka ciro daga motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje, a kan sabuwa marar suna. Na taɓa sayen sabuwa a kwali mai ƙyalli. Shekara ba ta zagayo ba janta ya koɗe ya koma kamar ruwan zoɓon da aka tsinka, kuma tun ranar farko ba ta zauna daidai da jikin mota ba. Sababbin da ake iya amincewa da su akwai na Taiwan, irin DEPO da TYC, su ma ana buga sunansu a kwalin jabu, don haka a nemi sunan a jikin fitilar, ba a kwali ba.

Ita ma Beljiyam ɗin ba a saye ta ido rufe. Fitilun Toyota da Honda na asali za ka ga sunan masu ƙera su a zube cikin robar, kamar Koito, Stanley ko Ichikoh, da alamar E cikin da'ira da lamba a gefe idan ta Turai ce, ko DOT da SAE idan ta Amurka ce. Rubutun ya zama mai kaifi da farce ke ji; wanda ya yi dishi-dishi kwaikwayo ne. Akwai masu shafa mai a gilashi don ɓoye tsaga, goge shi da ƙyalle ka ɗaga ta a rana. Akwai masu liƙe kunnen da ya karye su fesa baƙin fenti, lanƙwasa kowane kunne kaɗan ka gani. Akwai ma masu ɓata sabuwar jabu da ƙasa don ta yi kama da wadda aka ciro daga mota. Leƙa ciki ta ramin ƙwai: layin datti a kwance ko farin tabo a kan azurfar ciki yana nufin ita ma ta sha ruwa. Ka tafi da tsohuwarka a hannu, domin ƙirar Amurka da ta Turai na mota ɗaya sukan bambanta a soket da launin sigina.

Kafin ka biya, ka roƙi mai shago bokitin ruwa. Nutsa fuskar fitilar har haɗin ya shige, ramukan ƙwai suna sama, ka riƙe ta minti biyu, sannan ka ɗago ka duba ciki. Kuma ko ta ci wannan gwajin, fakin da ke bayanta ya tsufa kamar naka, sai ka kankare shi ka sa sabo kafin ka ɗaura.