Gidan Kallon da Ke Nuna Tsofaffin Wasanni a Maraɗi: Daren Helmuth Duckadam

Gidajen kallon ƙwallo a Maraɗi kusan duk tsarinsu ɗaya ne: rumfar kwano, bencina a jere, akwatin talabijin biyu ko uku, da allo a bakin ƙofa wanda ake rubuta wasannin ranar da alli. Da zarar kakar wasannin Turai ta ƙare, yawancinsu sai su rufe ko su koma wasannin bidiyo na yara. Akwai wani gida a unguwar Zariya da ya ɗauki wata hanya dabam, domin kowace Alhamis bayan sallar isha'i yana nuna tsohon wasa guda ɗaya daga farkonsa har ƙarshensa, tare da mai bayani da Hausa. Wannan hidimar nake so in auna, kuma zan auna ta da daren da aka nuna wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 1986, tsakanin Steaua ta birnin Bukares da Barcelona, wasan da mai tsaron gida ɗan Romaniya, Helmuth Duckadam, ya kafa sunansa da shi.

Kuɗin shiga dala ashirin ne, wato sefa 100, kuma ban ga inda mutum zai ce an cuce shi a kan wannan ba. Maimakon talabijin, majigi ake haskawa a bangon da aka shafe da farin fenti, don haka na baya ma yana ganin fili sarai. Mai gidan ya sa faranti masu ɗaukar hasken rana da batura, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta katse kallo, kuma babu ƙarar injin da ke hana jin magana. Mai shayi yana bakin ƙofa. Fanka biyu kawai ke akwai, kuma ba su isa ba.

Abin da ya bambanta gidan shi ne mai bayanin, wani dattijo da ya tsare raga a ƙungiyoyin unguwa a ƙuruciyarsa. Kafin a kunna majigi ya ɗauki kusan rubu'in awa yana gabatar da mutumin da za a kalla. An haifi Duckadam ranar 1 ga Afrilu 1959 a ƙauyen Semlac da ke yankin Arad, a yammacin Romaniya, cikin zuriyar Jamusawan da suka daɗe da zama a can. Ya yi suna a ƙungiyar UTA Arad, sannan a 1982 ya koma Steaua, ƙungiyar sojojin ƙasar, inda ya ci gasar Romaniya a 1985 da 1986. Duk da haka sau biyu kacal ya tsare wa ƙasarsa raga, domin a zamanin Silviu Lung ne ke riƙe da wannan matsayi. Dattijon ya kuma tunatar da mu cewa a lokacin babu wata ƙungiya daga Gabashin Turai da ta taɓa ɗaukar kofin, cewa Steaua ta fitar da Anderlecht ta Beljiyam a wasan kusa da na ƙarshe bayan an ci ta 1-0 a waje ta rama da 3-0 a gida, kuma cewa an buga wasan ƙarshen ranar 7 ga Mayu 1986 a birnin Sevilla, wato a cikin Sifaniya, inda kusan dukkan 'yan kallo magoya bayan Barcelona ne. Ba tare da wannan shimfiɗar ba, matasan da suka cika bencina, waɗanda yawancinsu sanye suke da rigunan Barcelona, ba za su fahimci nauyin abin da suke gani ba.

Wasan kansa ba mai daɗin kallo ba ne, kuma gidan bai ɓoye hakan ba. An yi minti 120 babu wanda ya zura ƙwallo. 'Yan Steaua, ƙarƙashin koci Emerich Jenei, sun toshe hanyoyi, suna yawan mayar wa golansu ƙwallo yana ɗauka da hannu, abin da doka ta yarda da shi har zuwa 1992. Barcelona ta Terry Venables ta rasa ta inda za ta ɓullo, har aka cire Bernd Schuster gab da cikar minti 90. Ana cikin rabi na biyu wani saurayi ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, don Allah a tura mana zuwa fenariti." Mai gidan ya amsa masa da cewa, "Yi haƙuri ƙanena, wanda bai ga gajiyarsu ba, ba zai gane bugunsu ba." Ina bayan mai gidan a nan ɗari bisa ɗari. Gajeren bidiyon fenaritin yana yawo a wayoyi, kowa na iya kallonsa a fadarsu kyauta. Abin da ake biyan kuɗi dominsa shi ne ganin yadda manyan 'yan wasa suka shiga fili da tabbacin kofi nasu ne, sannan tabbacin ya dinga zagwanyewa minti bayan minti, har suka iso bugun daga kai sai mai tsaron gida ƙafafu sun yi nauyi, zukata sun cika da shakka.

A bugun fenaritin ne hidimar ta nuna darajarta. Dattijon ya sa ana tsayar da hoton kafin kowane bugu, yana tambayar jama'a ta ina gola zai faɗi. Majearu ne ya fara buga wa Steaua, sai Urruti, golan Barcelona, ya tare. Alexanko ya zo, Duckadam ya faɗi damansa ya tare. Bölöni ya buga, Urruti ya sake tarewa. Da Pedraza ya ajiye ƙwallo, kusan duk rumfar ta ce gola zai canja gefe, amma ya sake faɗawa dama, ya kuma tare. Sai a bugu na biyar ƙwallo ta fara shiga raga, ta ƙafar Lăcătuș. Pichi Alonso ya zo, Duckadam ya faɗi dama a karo na uku, ya tare. Balint ya ci wa Steaua ta biyu. Marcos ne na ƙarshe, kuma a wannan karon Duckadam ya faɗi hagu, ƙwallon kuwa can ta nufa. An tashi 2-0, Barcelona ba ta ci ko ɗaya cikin huɗu ba, kuma sai a 1992 ta samu ɗaukar wannan kofi karon farko.

Bayanin da dattijon ya yi ya dace da abin da Duckadam da kansa ya sha faɗa a hirarraki, cewa ya riƙa sa kansa ne a matsayin mai bugu yana tunanin abin da shi zai zata. Na biyu zai ɗauka gola ba zai maimaita gefe ba, na uku zai ce ai ba za a yi sau uku ba, na huɗu kuwa ya riga ya gamsu cewa wannan mutum dama kawai ya sani. Tamkar ɗan kokawa ne da ya kama abokin karawa ta ƙafa ɗaya har ya saba, sannan ya shammace shi ta ɗayar. Masu tsaron ragar ƙungiyoyin unguwanninmu sun saba jin cewa fenariti sa'a ce, a rufe ido a faɗi. Ganin wannan a bango, da tsayar da hoto da tambaya, ya fi musu huɗubar koci goma.

Sai dai a nan ne kuma na sami babban aibin daren. Da aka tambayi dattijon abin da ya sa ba a sake jin ɗuriyar Duckadam ba, sai ya ba da labarin nan da ya yaɗu, wai an ba shi kyautar mota ƙirar Mercedes, ɗaya daga cikin 'ya'yan shugaba Nicolae Ceaușescu ya nemi ya karɓe, ya hana, sai aka sa aka karya masa hannuwa. Ya faɗe shi kamar abin da ya tabbata, jama'a kuma suka karɓa da salati. Duckadam ya sha ƙaryata wannan labari da bakinsa, har bayan faɗuwar gwamnatin Ceaușescu a 1989, lokacin da babu wanda zai ji tsoro. Abin da ya faru shi ne, makonni kaɗan bayan Sevilla, matsalar jijiyar jini ta kama hannunsa na dama, aka yi masa tiyata don ceto hannun, yana da shekara 27, a shekarar da aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Romaniya kuma ya zo na takwas a jerin Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Turai a lokacin. Bai buga wasan zakarun Turai da na Kudancin Amurka da River Plate ta Ajantina ta doke Steaua 1-0 a Tokyo ba, bai kuma buga wanda Steaua ta ci Dynamo Kiev a Super Cup ba. Ya dawo fili a 1989 da ƙaramar ƙungiyar Vagonul Arad, ya yi aiki da 'yan sandan kan iyaka, daga baya ya zama shugaban girmamawa na Steaua, wadda ta koma suna FCSB, daga 2010 zuwa 2020. Ya rasu a Bukares ranar 2 ga Disamba 2024 yana da shekara 65. Gidan da ya ɗora kansa a matsayin mai koyar da tarihi, wajibi ne ya rarrabe wa mutane jita-jita da abin da ya inganta, domin yaran da suka ji wancan labari za su kai shi makaranta da fada a matsayin gaskiya. Na yi wa dattijon magana a gefe, na ce, "Baba, wannan zancen mai shi ya musanta shi," ya kuma saurara da mutunci, ya ce zai gyara a mako mai zuwa.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne. Hoton tsoho ne, lambobin riguna ba sa fita sosai, don haka da an rubuta sunayen 'yan wasan a allo da ya taimaka. Ana barin masu shan taba a cikin rumfar da iska ba ta ratsa ta, alhali akwai yara. Wasan da ya kai ƙarin lokaci, ga bayani a gaba da baya, yana kai mutane kusan sha biyun dare, lokacin da samun kabu-kabu zuwa unguwanni masu nisa kamar Ali Ɗan Sofo yake wuya, saboda haka ya kamata irin wannan a fara shi da zarar an sallame isha'i ba tare da jiran rumfa ta cika ba.

Ina ba masu horar da ƙananan ƙungiyoyi shawarar su kai gololinsu, kuma ya dace mai gidan ya yi musu rangwame idan sun zo a ƙungiyance. Ina kuma roƙonsa ya nemo wasannin Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, na Kofin Afirka na 2012 da 2013, lokacin da Kassaly Daouda ke tsaron raga, ya sa su cikin jerin Alhamis ɗin, domin yawancin yaran da ke zama a bencin gaba ba su yi wayo ba lokacin da aka buga su.