Mako Uku a Bayan Labule: Abin da Dubu 40 Ɗina Ta Sayo Mini

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a Zariya, kuma shekara shida ke nan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar tana wuyana. Duk ranar bikin yaye ɗalibai labarin ɗaya ne: yara su yi wata biyu suna hadda, ranar wasa lasifika ta yi ta tsuwa kamar an taka jelar mage, iyayen da ke kujerun baya su koma hirarsu. Shi ya sa da na ji wata ƙungiyar 'yan wasan daɓe za ta ba da horon mako uku a dogon hutu kan aikin bayan fage, wato haske da sauti da kafa dandamali, na biya naira dubu 40 ban tsaya dogon tunani ba. Maigida dai cewa ya yi, "Allah ya sa ba walda za ki koma ba."

Mu 26 ne, mata huɗu. Ranar farko wani matashi daga cikin masu shirin ya dube ni ya nuna mini ɗakin da keken ɗinki yake, wai can ne ɓangaren sutura. Na ce masa, "Ɗan nan, ina da keke a gida. Fitila na zo koyo." Bai sake ba, amma sauran matan uku sai da suka yi kwana biyu suna yanka yadi kafin su gane suna da zaɓi. Wannan kwana biyun ma mu da ke ɗaya ɗakin ɓata shi aka yi da lacca kan tarihin wasan Girkawa, ba wanda ya taɓa ko wayar wuta.

Abin ya kankama ne a rana ta uku, da dattijon da ke kula da haske ya zo. Kowa Baba yake ce masa. Bai kunna ko fitila ɗaya ba sai da ya zube mana tulin wayoyi a ƙasa ya ce a naɗe. Muka shiga naɗewa a gwiwar hannu kamar igiyar guga, ya bar mu muka gama, sannan ya ce duk mun karya musu ciki. Naɗin da ya koya mana shi ne zagaye ɗaya a miƙe, na biye a juye, ta yadda in ka wurga wayar za ta miƙe sambal ba ƙulli. Yini guda muka yi a kai. Na ji haushi a ranar, yanzu kuwa ko wayar dutsen guga haka nake naɗe ta.

Daga nan sai lissafin wuta, wanda a ganina shi kaɗai ya isa kuɗin da na biya. Soket ɗin bango mai amfiya 13, a wutarmu ta bolt 230, abin da zai ɗauka bai wuce wat dubu 3 ba. Tsohuwar fitilar dandamali guda ɗaya tana shan wat dubu 1. Ke nan in ka jona uku ka kai maƙura, ta huɗu kuma ƙauri za ka ji. Nan na gane dalilin da ya sa soket ɗin zauren makarantarmu ya narke shekara biyu da suka wuce, muka yi ta zargin mai gadi. Sababbin fitilun LED ba su da wannan ci, ƙaramin janareto ma yana riƙe da dama daga cikinsu, sai dai su kuma lambarsu ce rigima. Ana jera su a waya ɗaya, wannan ta ba wannan, a tsarin da ake kira DMX mai tasha 512, kowace tasha lamba ce da ke sarrafa abu ɗaya a jikin fitila, kamar kala ko ƙarfin haske. In ta farko tana cin tasha bakwai ta fara daga 1, to ta biyu daga 8 za ta fara. Kuskure lamba ɗaya, ka ɗaga ja a nan kore ya kama a can.

Inda Baba ya fi burge ni shi ne zancen fata. Ya nuna mana ƙa'idar da aka saba: fitila biyu daga gaba, dama da hagu, kowace a karkace digiri 45, sai ɗaya daga baya da za ta raba ɗan wasa da labule. Sannan ya ce, "Malama, zo ki tsaya nan." Ya watsa mini shuɗi, 'yan aji suka fashe da dariya, wai na yi toka-toka kamar wadda ta tashi daga jinya. Ya sauya zuwa ruwan zuma, sai ga fuska ta fito. Ya ce yawancin abin da aka rubuta kan haske da farar fata aka auna shi, mu sai mun gwada da idonmu. Ya kuma gargaɗe mu da farar shadda mai sheƙi: tana kwashe hasken duka ta bar fuskar mai ita a duhu. Duk wanda ya taɓa kallon hoton ango a wajen dina ya san wannan.

Ɓangaren sauti nan ne na fita da ƙishi. Miksa, wato na'urar haɗa sauti, ɗaya ce tak ga mutum 26, ga samari masu harkar DJ da suka riga suka iya sun kewaye ta kamar kaji a kan tsaba. In ka samu minti goma a rana ka gode Allah. Duk da haka na samo maganin tsuwar nan: makirufo ne ke jin abin da lasifika ta fitar ya sake mayar mata, ya yi ta zagayawa. Mu kuwa tun fil azal a bayan yara muke ajiye lasifika, saitin bakin makirufo. A dawo da ita gaba, ta fuskanci 'yan kallo, a rage ƙarfin shigar murya, shi ke nan. Marka ma ta yi mana nata darasin, don rufin kwano ne, in ruwan Agusta ya sauko ko ihu kake ba mai jin ka.

Aikin kafinta kuwa mun yi shi sosai. Mun haɗa bangon ƙarya mai ƙafa 4 da ƙafa 8, daidai girman falle ɗaya na filawud, muka tokare shi ta baya muka danne da buhun yashi. Amma ba safar hannu, ba tabaran kare ido, tsanin kuma da ake hawa ɗaura fitila rawa yake sai mutum biyu sun riƙe. Na yi magana sau biyu, aka ce za a kawo wani. Har muka gama ban gan shi ba. Wanda zai tura ɗansa ƙarami, ya fara tambayar wannan. Abincin rana da aka rubuta a takardar talla ma mako ɗaya ya yi ya ɓace. Lokacin salla dai ba su taɓa wasa da shi ba.

Wata Asabar aka kai mu Samaru mu ga dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda Ba'amurke Steven Ehrlich ya zana a shekarun 1970, aka gina da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna zagayayyu sun kewaye fili. Shekara nawa ina garin nan ban taɓa leƙawa ba.

Daren ƙarshe muka yi wasa na minti 40, ni ce a kan allon haske, da takardar alamu 31 na inda zan sauya haske a gabana. Manajar dandamali tana raɗa mini "shirya", sannan "tafi", kuma doka ce ba ka motsa yatsa sai ka ji ta biyun, ko da kana ganin lokaci ya yi. A alama ta 19 na yi azarɓaɓi, na kashe wuta tsohon cikin wasan bai gama tsine wa ɗansa ba. A duhu ya ƙarasa tsinuwar, 'yan kallo suka ɗauka da gangan ne har da tafi. Baba bai ce komai ba sai da muna naɗe waya, ya matso ya ce, "Malama, kin ci bashi."

Takardar shaida har yau ba ta fito ba, wai ana jiran sa hannu. Na riga na sayi fitilun LED biyu da tef baƙi a Sabon Gari, na kuma rubuta wa shugabar makaranta takarda kan soket ɗin zaure. Yara shida na zaɓa da za su fara da naɗin waya ranar Laraba.