Keken fiksi: birkin gaba ko tsayawa da ƙafa?

Ɗan'uwa, in kekenka fiksi ne, wato wanda fedarsa ke juyawa tare da tayar baya ba ta tsayawa, ka sa birkin gaba, kada ka tsaya dogon tunani.

Birkina na kamfanin Tektro ne, kuma shi ya fid da ni wata yamma da wata yarinya mai tallar gyaɗa ta ɓullo titi daga bayan adaidaita sahu. Na matse birki, na ja jiki baya kan sirdi, ƙafafuna na danne feda, keken ya tsaya cak a gabanta, ko ƙwayar gyaɗa ɗaya ba ta zube ba. Har yau in na tuna sai na ce Alhamdulillahi. Abin da ke faruwa shi ne, da ka fara rage gudu nauyinka gaba ɗaya kan koma tayar gaba, sai ta ƙara kama kwalta, ta baya kuwa ta yi sakayau. Shi ya sa mafi yawan ƙarfin tsayawa daga gaba yake zuwa. Ka dai koyi matsawa sannu a hankali, musamman a kwana ko kan yashi, don kada tayar ta zame.

Tsayawa da ƙafa, wato danne feda baya, to, yana yiwuwa in kana da maɗaurin feda kuma ka ƙware. Amma tayar baya kawai kake kullewa tana jan ƙasa, tayar na cinyewa, gwiwa na shan wuya, kuma ranar da cen ya fita ba ka da komai a hannu. Keke marar birki na filin tsere ne, inda kowa ke zagaye ta gefe ɗaya, babu mai tsallaka hanya. A Ingila doka ce fiksi ya kasance da birkin gaba in zai hau titi. A 2016 wani matashi ɗan shekara 18 a Landan ya buge wata mata da fiksi marar birkin gaba, ta rasu, aka ɗaure shi wata 18 a 2017.

Birkin baya ba dole ba ne, ƙafafunka na yin aikinsa. Sai fa in tayarka mai fuska biyu ce ka juya ta ɓangaren firiwil, inda taya ke juyawa ko ba ka taka feda ba. A nan birki biyu tilas ne, don feda ba ta ƙara riƙe komai.

Sannan ka yi hattara da wasu masu sayar da na gwanjo. Akwai mai cire birkin ya ce maka haka ake yayinsa, ya koma ya sayar da shi daban. Mafi muni shi ne wanda zai ɗaura haƙorin baya a kan tayar firiwil ya shafa gam, ya ce fiksi ne. Na gaskiya yana da ƙaramin zobe na biyu da ke kulle haƙorin, wanda ake ɗaurawa ta hanyar murza shi hagu. In babu shi, ranar da ka danne feda baya da ƙarfi haƙorin zai iya kwancewa. Ka duba fok ɗin gaba ma, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, wasu na tsere ba su da ramin ɗaura birki. Ka tafi da mai gyaran keken da ka yarda da shi, in babu zoben ko babu ramin, ka bar musu kayansu.