Kalipa mai sikirin: ra'ayina kan auna kaurin waya da ita

Masu aikin wuta, in har kuna sayen waya kuna dogara da abin da aka buga a jikin roba kawai, to gaskiya ku nemi kalipa dijital, wato ma'aunin kauri mai baki biyu da ke kama abu, irin mai ƙaramin sikirin ɗin nan da ke nuna har 0.01mm. Ni dai tunda na fara amfani da ita ban ƙara yarda da lambar kwali ba sai na auna.

Yadda abin yake, ita kalipa kaurin waya take baka, wato dayamita, amma 1.5 ko 2.5 da muke kira faɗin bakin wayar ne in an yanke ta, a milimita sukwaya. Sai ka fere robar, ka danna ziro, ka kama jan ƙarfen, lambar da ta fito ka ninka ta da kanta sannan ka ninka da 0.785 shikenan. Waya 2.5 mai sili ɗaya ya kamata ta baka wajen 1.78, ta 1.5 kuma wajen 1.38. To ka ga wadda aka rubuta mata 2.5 ka auna ka samu 1.6, a ido ba za ka taɓa ganewa ba wallahi, amma lissafi zai nuna maka 2.0 ne kawai, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jan ƙarfen babu shi, kuma ita ce za a ɗora wa hita da ayan ta dinga zafi a cikin bango, wannan shine abin da ke damuna.

Mai silili da yawa sai ka auna sili ɗaya ka lissafa ka ninka da adadinsu, kar ka kama su duka a dunƙule don akwai iska a tsakani. Misali sili 7 kowanne 0.85 ya baka kusan 4. Basba kuma, wato shimfiɗaɗɗen sandan ƙarfe da ke raba wuta a cikin akwatin wuta, tafi sauƙi, faɗi sau kauri, 20 da 5 ya zama 100. Bututu ka cire da'irar ciki daga ta waje, kalipar tana da ƙananan haƙora a sama na auna rami.

Inda bata gamsar da ni ba, siraran silin waya mai laushi, in ka matse da ƙarfi sai su lotsa lambar ta sauka, a nan maikromita, wato ma'aunin kauri da ake murzawa, ta fi ta. Batirin kalipar ma yana zuƙewa ko a kashe take, gara ka cire shi in za ka ajiye. Sannan bata gane alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, kaurin zai fito daidai alhali alminiyam wajen kashi 61 cikin 100 na wutar jan ƙarfe yake ɗauka, sai ka kankare ka ga ko fari zai bayyana.

Ku sayi mai jikin ƙarfe, ta roba bakinta na saurin cinyewa. Kuma don Allah a kashe wuta kafin a auna, tunda ita ma ƙarfe ce.