Wata huɗu da masu jinya a gida: abin da tsohuwar nas ta gani

Shekara 33 na yi ina aikin nas, fiye da 20 daga ciki a ɗakin tsofaffi. Ban cika shekara biyu da ritaya ba maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Da aka sallame mu daga asibiti na ɗauka zan iya jinyarsa ni kaɗai, tunda aikina ne. Sati guda bayana ya ce sam. Dole na nemi ɗaya daga cikin kamfanonin da ke turo nas gida, waɗanda inshorar lafiyarmu ta amince da su.

Ranar farko ban gaya wa yarinyar da suka turo cewa ni nas ba ce. Na zauna gefe ina kallo. Ta wanke hannu, ta durƙusa daidai fuskarsa ta ce, "Baba, ina kwana? Zan ɗaga ƙafarka kaɗan." Shi ta yi wa magana, ba ni ba, duk da bakinsa ya karkace kuma amsarsa ba ta fita sosai. Sannan ta yaye bargo ta duba diddigensa da ƙasan bayansa. Nan hankalina ya kwanta. Duk wanda ya yi jinyar tsofaffi ya san nan ne gyambon kwanciya yake farawa, inda ƙashi ke danne fata har jini ya daina isa wurin. Ta danna wurin da ya sauya launi da yatsa ta ga ko zai washe, ba ta murza shi ba. Mu a zamaninmu murzawa aka koya mana, daga baya aka gano ƙara lalata naman take yi, kuma har yau ina tuna bayin Allah da na murza wa da kyakkyawar niyya. Ta sa matashi ƙarƙashin sha-raɓarsa yadda diddigen ba zai taɓa katifa ba, ta fito da takardar ma'aunin Braden na auna haɗarin gyambon kwanciya, wanda aka fitar a 1987, mai duba abu shida ciki har da laimar fata, motsi da cin abinci. Makinsa daga 6 ne zuwa 23, kuma idan ya yi ƙasa haɗarin ya ƙaru. Ta ba shi 13. Ni ma 13 na lissafa a raina. Sai a lokacin na faɗa mata aikina, ta yi dariya ta ce, "Mama, ai tun da na ga yadda kika gyara zanen gadon nan na yi zargi."

Wajen haɗiya ma ban ga sakaci ba. A zaune sosai take ba shi, cokali kaɗan kaɗan, ta bar shi zaune rabin awa bayan ya gama, don mai shanyewar jiki yana iya ƙwarewa abin ya gangara huhu ba tare da ya yi ko tari ba. Magungunansa bakwai ta zube su a tebur, ta gano biyu abu ɗaya ne, sunan kamfani ne ya bambanta. Ba ta yanke hukunci da kanta ba, likita ta kira. Haka ya kamata.

Inda nake da ƙorafi shi ne canjin ma'aikata. Nas biyar muka gani a wata huɗu. Duk sun san aiki, amma tsoho ba a saninsa a ziyara ɗaya. Wata ranar Talata ya wuni yana gyangyaɗi, ya kira ni da sunan ƙanwarsa. Sabuwar da ta zo ta auna shi, babu zazzaɓi, ta rubuta cewa yana hutawa. Ni na san ba haka yake ba. A jikin tsoho cuta takan zo babu zazzaɓi, ruɗewa ta farat ɗaya ce alamarta. Muka kai shi asibiti, ashe ciwon mafitsara ne. Ban ga laifin yarinyar ba, ba ta san yadda yake jiya ba balle ta gane ya canza. Laifin na masu tsara jadawali ne. Da ta farkon ce ta zo, tun daga ƙofa za ta gane. Gidan da babu nas a ciki fa, wa zai lura?

Sai maganar inshora, wadda ta fi ci mini rai. Duk tsawon aikina ban taɓa zama na karanta takardun nan ba, sai da buƙata ta zo. Tsarin da na koma bayan ritaya yana biyan ziyarar nas da gashin ƙashi na ƙayyadadden adadi, amma wanka, juyi duk bayan awa biyu da kwanan dare, wato ainihin nauyin jinyar tsoho, babu su a ciki. Daga fanshona nake biyan wanda ke taya ni da dare. Kuma duk zagaye sai an jira amincewa. Sau ɗaya kwana tara muka yi babu gashin ƙashi, alhali watannin farko bayan shanyewar jiki su ne jiki ya fi karɓar motsa shi. Kamfanin jinyar dai sun yi ta bibiya, har suka koya wa ɗanmu atisayen hannu da kafaɗa kafin takardar ta fito. 'Yan'uwana da ke dab da ajiye aiki, ku tambayi abin da tsarinku zai koma tun kuna kan albashi, musamman jinyar gida da cututtukan da kuka daɗe da su.

Na sabunta da kamfanin jinyar na wata uku, bisa sharaɗin nas ta farkon za ta riƙa zuwa aƙalla sau biyu a sati, kuma na sa sun rubuta mini a takarda. Har yau fatarsa lafiya lau, ko ɗigon gyambo babu. Jiya ya riƙe kofi da hannun dama, ta tsaya kusa ba ta taɓa shi ba har ya kai baki.